Haidiroksiyuriya, ƙarin jini, dashen ɓargo ko gyaran ƙwayar gado: wanne ya dace da yaro mai sikila?

Ƙanwata ta kira ni da tsakar dare, muryarta a dishe. Ɗanta mai shekara uku ya kwana biyar a gadon asibiti, kwanciya ta uku ke nan a shekara guda. A bakin ɗakin wani mutum ya miƙa mata takarda mai sheƙi, da hoton wani asibitin ƙetare da alkawarin rabuwa da sikila har abada. A jakarta kuma akwai wata takardar, ta likitan yaron, inda ya rubuta maganin da yake so a fara ba shi kullum. Ta ce, "Yaya, don Allah ka gaya mini gaskiya. Mu tattara abin da muka mallaka mu tafi, ko in tsaya a kan maganin nan da aka ce mini ma na ciwon daji ne?"

Ban iya ba ta amsa a daren ba. Na yi makonni ina karatu ina tambayar likitocin jini, kuma abin da na fara ganewa shi ne ba ita kaɗai ke kwana da wannan tambaya ba. Ƙididdigar duniya ta 2021 ta nuna ana haihuwar jarirai sama da 500,000 da cutar a shekara, fiye da kashi uku cikin huɗu a Afirka kudu da Sahara, Indiya na biye. Najeriya kaɗai tana da kimanin 150,000. Hanyoyin da ake ambata wa iyayen waɗannan yara huɗu ne: haidiroksiyuriya, ƙarin jini a kai a kai, dashen ɓargo, da gyaran ƙwayar gado. Akan jera su kamar kayan da ke kan faranti ɗaya, a ce mutum ya ɗauki wanda ya so. Ba haka abin yake ba.

Kafin a auna su sai an san inda ɓarnar take. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai himogulobin, shi ke ɗaukar iskar oksijin ya raba wa sassan jiki. Umarnin ƙera shi a rubuce yake cikin ƙwayar gado, kuma a jikin mai sikila harafi ɗaya tak ya sauya a rubutun, ya gado shi ta wajen uwa, ya kuma gado ta wajen uba. Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa laifin na himogulobin ɗin ne kansa, Vernon Ingram kuma ya gano ainihin wurin sauyin a 1957. Da zarar wannan himogulobin, wanda ake kira S, ya sauke iskar da ya ɗauko, sai ya harhaɗu ya zama zaruruwa masu tauri, ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje ta maƙale a ƙananan hanyoyin jini. Lafiyayyiyar ƙwaya tana kwana 120 tana aiki, mai lauje da ƙyar take wuce kwana 20. Daga nan ƙarancin jini yake, da idon da ke yin rawaya, da ciwon ƙashin da ke sa yaro birgima, da saifa da ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa da ke lalacewa a ɓoye.

A 1948 wata likitar yara a Amurka, Janet Watson, ta lura cewa jinin sabbin haihuwa bai cika lanƙwasa ba. Dalili kuwa shi ne jariri yana zuwa duniya da wani himogulobin daban, na zaman ciki, wanda ake kira F, kuma shi ba ya shiga sahun masu harhaɗuwa. Wajen wata shida sai jiki ya rage ƙera shi, ciwo ya fara leƙowa. Ɗan ƙanwata yana wata bakwai muka wayi gari yatsun hannunsa da bayan ƙafafunsa sun kumbura suntum, ko zanin goyo ya taɓa su sai ya tsala ihu. Ku riƙe maganar F ɗin nan, domin hanyoyin huɗu dabara biyu ce kawai: ko a tashi himogulobin F daga barci, ko a kawo jinin wani. Haidiroksiyuriya yana tashinsa muddin ana sha, gyaran ƙwayar gado yana neman tashinsa dindindin. Ƙarin jini aro ne na 'yan makonni, dashen ɓargo kuwa ɗauko masana'antar jinin ce kacokan.

Akwai abin da ba ya cikin zaɓi, ko wace hanya aka bi sai da shi. Saifar yaro mai SS, wato wanda ya gaji S ta wajen uwa da uba, tana fara mutuwa tun yana goye, don haka ƙwayar cutar da wani yaro zai yi tari da ita ya miƙe, shi tana iya tafiya da shi cikin awanni. Binciken da Marilyn Gaston ta jagoranta, wanda ya fito a 1986, ya nuna shan fenisilin sau biyu a rana ya rage irin wannan kamuwa da kashi 84 cikin 100. Sai cikakken rigakafi, gidan sauro da kariya daga zazzabin cizon sauro, da garzayawa asibiti da zarar jiki ya yi zafi. Waɗannan, haɗe da gwajin jarirai tun haihuwa, su suka kai ƙasashe masu arziki inda fiye da kashi 90 cikin 100 na masu sikila ke kaiwa girma. Wanda ya tsallake su ya tafi neman dashe ya yi gini ba tushe.

To, haidiroksiyuriya. A jikin kwalinsa za ku ga an rubuta Hydroxyurea ko Hydroxycarbamide, duk abu ɗaya ne. Gaskiya ne tun shekarun 1960 ake amfani da shi a kan wasu cututtukan daji na jini, kuma wannan tarihin ne ke sa gaban iyaye faɗuwa. Ban ga laifinsu ba. Amma ga abin da aka gani a jikin masu sikila. A 1995 aka fitar da sakamakon gwaji a kan manya 299, wanda sai da aka dakatar da shi tun kafin wa'adi saboda amfanin ya fito ƙarara: tashin ciwo ya sauko daga sau 4.5 a shekara zuwa 2.5, ciwon ƙirji mai hatsari ya ragu da kusan rabi, ƙarin jini ma ya ragu. An ci gaba da bibiyar waɗannan mutane sama da shekara 17, aka ga waɗanda suka daɗe suna sha sun fi tsawon rai, kuma ba a ga daji ya yi musu yawa ba. Amurka ta amince da shi ga manya a 1998, kuma tun 2014 shawarar masana a can ita ce a gabatar wa iyayen duk yaro mai SS da shi daga wata 9, ko ciwo ya tsananta ko bai tsananta ba.

An daɗe ana ɗari-ɗarin kawo shi Afirka. Tunda yana rage fararen ƙwayoyin jini, an ji tsoron zazzabin cizon sauro da sauran cututtuka za su samu ƙofa. An gwada. A Kampala ta Yuganda, binciken da ya fito a 2017 a kan yara sama da 200 bai ga zazzabin ya ƙaru ba. Sai babban binciken nan mai suna REACH, a kan yara 606 'yan shekara 1 zuwa 10 a Angola, Kwango, Kenya da Yuganda, wanda aka buga a 2019. Tashin ciwo ya ragu da fiye da rabi, buƙatar ƙarin jini ta ragu da kashi biyu cikin uku, mutuwa ta sauko daga 3.6 zuwa 1.1 a cikin kowane yara 100 a shekara. Zazzabin da ake tsoro ma sai ya ragu da kusan rabi. A iya karatuna, babu wata hujja a duk fagen nan da ta kai wannan kusanci da halin da iyalan ƙasashe masu tasowa ke ciki, domin a irin asibitocinsu aka same ta, a jikin irin 'ya'yansu.

Ana auna shi ne da nauyin yaro. Akan fara da miligiram 15 zuwa 20 a kan kowane kilo, sannan likita ya riƙa ƙarawa yana duba jini, iyaka 35. Wani gwajin a Yuganda da ya fito a 2020 ya nuna yaran da aka ɗaga musu zuwa wajen 30 sun fi waɗanda aka bari a 20 samun sauƙi nesa ba kusa ba. Don haka inda ake iya gwajin jini akai-akai, kada a tsaya a awon farko. Kuma yaro girma yake: awon bara ya yi masa kaɗan bana.

Wahalarsa fa? Kullum ne, ba hutu, ba kuma ranar gamawa. Ba a ganin aikinsa sosai sai bayan wata uku zuwa shida, kuma a nan iyaye da yawa ke karaya su ce bai karɓe shi ba. Yana bukatar gwajin ƙirgar jini, wajen sau ɗaya a wata lokacin da ake ƙara awo, daga baya duk wata biyu ko uku. Idan ƙwayoyin sun yi ƙasa sai a dakata kwanaki su farfaɗo. Farce yakan yi duhu. Yana iya rage yawan maniyyi, kuma macen da ke shirin ɗaukar ciki sai ta zauna da likita tukuna. Kafso ɗin da ya fi yawa mai miligiram 500 ne, na manya, don haka yaro mai kilo 12 sai an nemo masa na ruwa ko ƙananan ƙwayoyi. Mafi yawan hujjojin nan a kan masu SS aka same su. Mai SC, wato wanda ya gaji S ta ɓangare ɗaya da wani nau'in himogulobin mai suna C ta ɗayan, maganarsa daban ce, sai likita ya duba. Babban abin da ke ci mini rai shi ne yankewarsa. Magani ne tsoho mai sauƙin ƙerawa, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, amma har gobe yawancin yaran da ke bukatarsa ba su taɓa ganinsa ba.

Ƙarin jini iri biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai na gaggawa: jini ya faɗi warwas, ko saifa ta kumbura ta tsotse shi, ko ƙirji ya kama, ko za a yi tiyata. Wannan ceton rai ne, ba a yi masa shawara. Wanda ake zaɓa shi ne na dindindin, duk mako uku ko huɗu, da nufin a danne himogulobin S ya koma ƙasa da kashi 30 cikin 100 na jinin yaro. Babban dalilin yin sa shi ne shanyewar ɓarin jiki. Idan ba a yi komai ba, kimanin kashi 11 cikin 100 na masu SS sukan gamu da ita kafin shekara 20, kuma ƙanana ta fi kamawa.

Ana iya hango ta tun kafin ta zo. Gwajin ana kiransa TCD, kuma na tsaya a kansa ranar da aka yi wa yaronmu. Ya kwanta a kan gado, aka shafa masa wani ruwa mai yauƙi a gefen kai, tsakanin ido da kunne, aka ɗora 'yar na'ura kamar kan tocila. Sai ga sauti na fita, fuu, fuu, daidai da bugun zuciyarsa, lambobi na hawa suna sauka a allo. Babu allura, babu zafi. Gudun jini ake aunawa a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, domin inda hanya ta ƙuntata nan ruwa ke ƙara gudu. Idan ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana bakin rami. Ana so a yi wa kowane mai SS sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16.

A 1998 Robert Adams da abokan aikinsa suka gwada ƙarin jini a kan yara 130 masu irin wannan sakamako. A cikin waɗanda ba a ƙara wa ba, 11 suka shanye. A cikin waɗanda aka ƙara wa, 1. Ragin ya kai kashi 92 cikin 100. Babu maganin da ya nuna irin wannan ƙarfi a kan shanyewa. Sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu. Kowace leda ta jini tana ɗauke da sinadarin ƙarfe miligiram 200 zuwa 250, jiki kuwa ba ya iya fitar da fiye da 1 ko 2 a rana. Bayan shekara ɗaya ko biyu ƙarfen ya fara taruwa a hanta da zuciya, sai an haɗa da maganin fitar da shi: ko na sha kullum, ko tsohon nan da ake soka allura a ƙarƙashin fata, 'yar na'ura ta kwana tana turawa awa 8 zuwa 12. Sannan jiki yakan fara ƙin jinin baƙi idan ba a daidaita shi fiye da rukunin A, B da O ba, har a kai inda samo ledar da ta dace ya zama aiki. Ga hatsarin ciwon hanta da ƙanjamau inda tantancewa ke da rauni. Ga shi jinin kansa babu: alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna ana samun gudummawar jini 31.5 a kan kowane mutum 1,000 a ƙasashe masu arziki, a matalauta kuwa 5.

Wannan giɓin ne ya sa likitoci a Kano da Kaduna, tare da takwarorinsu na jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka tambayi ko haidiroksiyuriya zai iya tsayawa a gurbin jinin. Sun bi yara 220 masu mugun sakamakon TCD, rabi a kan miligiram 10, rabi a kan 20. Sakamakon ya fito a 2022: yara 8 ne suka shanye a duk tsawon binciken, ƙasa ƙwarai da abin da aka sani idan an bar irin waɗannan yara haka nan, wato kusan 1 cikin 10 duk shekara. Don haka ga yaron da bai taɓa shanyewa ba, a inda jini mai aminci ba ya samuwa kowane wata, haidiroksiyuriya hanya ce mai hujja, ba maneji ba. Wanda ya riga ya shanye kuwa, ƙarin jini ya fi kare shi daga maimaici. Inda ya gagara, sai a koma ga maganin, don ya fi zama hannu rabbana.

Bari in ɗan ratse. Duk wannan lissafi na sikila ne. Mai talasimiya mai tsanani, wata cutar jini ta gado wadda ta yi yawa a Pakistan, Indiya, Gabas ta Tsakiya da kewayen Bahar Rum, jikinsa ba ya ƙera isasshen himogulobin tun farko. Shi ƙarin jini da fitar da ƙarfe su ne rayuwarsa, kuma dashe ya fi matsowa kusa a lissafinsa.

Dashen ɓargo shi ne abin da ke cikin takardar nan mai sheƙi, kuma ba ƙarya ba ne, yana warkarwa. An gano haka ne a 1984, lokacin da aka yi wa wata yarinya 'yar shekara 8 a Amurka dashe saboda dajin jini, sai sikilarta ma ta tafi. A 2017 aka tattara bayanan mutum 1,000 da aka yi wa dashe daga ɗan'uwa wanda ɓargonsu ya dace: bayan shekara 5, kusan kashi 93 cikin 100 suna raye, kashi 91 kuma suna raye babu cutar. Ku sake karanta wannan da idon uwa. Ma'anarsa kimanin 7 cikin 100 sun rasu, kuma da dama daga cikinsu da suna nan tare da sikilarsu. Shekaru suna da tasiri ainun: waɗanda ba su kai 16 ba, kashi 95 suka rayu, daga 16 zuwa sama, kashi 81. Wani nazarin na 2019 ya nuna 'yan shekara 12 zuwa ƙasa su suka fi dacewa.

Dacewar ɓargo ba ita ce dacewar rukunin jini ba. Wani gwaji ne daban mai suna HLA, da jini ko da goge cikin kumatu. Ana neman shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kowane shaƙiƙi damarsa ta dacewa 1 ce cikin 4. Dole kuma shi kansa ba mai SS ba ne, amma mai AS yana iya bayarwa. Idan aka haɗa sharuɗɗan biyu, damar kowane ɗan'uwa ta koma wajen 1 cikin 5, shi ya sa akasarin masu sikila ba su da wanda zai ba su. Akwai dashen rabin dacewa, daga uwa ko uba ko wani ɗan'uwa, kuma ya inganta sosai a 'yan shekarun nan, musamman ga manya. A yara dai har yanzu jiki ya fi yawan ƙin karɓarsa. Duk wanda ya ce muku "ai ko uwa ma tana iya bayarwa" sannan ya kawo muku alƙaluman shaƙiƙi, ya haɗa muku abin da bai haɗu ba.

Yadda ake yi kuwa, sai an fara kashe ɓargon yaron da magunguna masu ƙarfi irin na daji, busulfan a sahun gaba. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo, garkuwar jiki ta faɗi ƙasa, ya yi mako huɗu zuwa shida a killace. Bayan sallama sai an zauna kusa da asibitin wajen kwana 100, ana shan maganin danne garkuwa na watanni. Sabon ɓargon yana iya juyowa ya yaƙi jikin da aka sa shi a ciki, fata da hanji da hanta, wani lokaci na shekaru. Busulfan kuma yakan kashe haihuwa, musamman ga 'ya mace. Wannan magana ce da ya kamata a faɗa wa iyaye baki da baki tun ranar farko. Abin da ciwo ya riga ya ɓata, kamar ƙugun da ya lalace ko ɓarin da ya shanye, dashe ba ya maido shi. Kuma wanda ya warke har yanzu S zai gadar wa 'ya'yansa, domin jininsa aka sauya, ba irinsa ba. Gwaji kafin aure yana nan a kansa.

Ba sai Turai ake yi ba. Indiya ta daɗe tana yi. A Najeriya an yi na farko a 2011 a asibitin koyarwa na jami'ar Benin ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye, Legas ta fara nata shirin a 2024, Tanzaniya kuma ta fara a Dodoma a 2023. Ko ina za ku je, ku yi tambayoyin nan kafin ku biya sisi. Yara nawa masu sikila kuka yi wa? Nawa ke raye babu cutar bayan shekara biyu, kuma da wane irin mai bayarwa? Kuɗin da kuka faɗa ya haɗa da abin da zai biyo baya idan an samu matsala? Wane likita zai karɓi yaron idan mun koma gida, kuma akwai inda za a auna maganin danne garkuwa a jininsa? Wannan ta ƙarshe ita ake mantawa, ita ce kuma ke kayar da mutane bayan an yi murna an gama.

Gyaran ƙwayar gado ba zan daɗe a kansa ba, don ga yawancinmu labari ne tukuna. Ana ɗebo ƙwayoyin asalin jini na mara lafiyar kansa, a kai su ɗakin gwaji. A maganin Casgevy ana amfani da fasahar CRISPR, wato almakashin yanke ƙwayar gado, wadda ta jawo wa Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier kyautar Nobel a 2020, a datse makunnin da ke kashe himogulobin F, wato BCL11A, sannan a mayar da ƙwayoyin. Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Baharen da Amurka a Disamba, Saudiyya ta biyo baya. A cikin mutum 31 da aka auna, 29 sun shekara cur babu tashin ciwo mai tsanani. Ba a bukatar ɗan'uwa, kuma babu yaƙin ɓargo da jiki tunda nasa ne aka mayar masa. Abin al'ajabi ne, kuma ina yi wa waɗanda suka samu murna har zuciya.

Amma an fara amincewa da shi ne ga 'yan shekara 12 zuwa sama. Busulfan yana nan, killacewa tana nan, barazanar rasa haihuwa tana nan. Mace ta farko mai sikila da aka yi wa, Victoria Gray, a 2019 aka yi mata, don haka bibiyar ba ta yi nisa ba. Farashin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne, na takwaransa Lyfgenia miliyan 3.1, shi kuma da gargaɗin dajin jini a jikinsa, ban da kuɗin asibiti. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sabo ma ba kullum yake zama alheri ba: maganin Oxbryta da aka yi ta yabo, kamfaninsa ya janye shi daga duniya baki ɗaya a Satumban 2024 saboda damuwa kan mace-mace. Idan wani ya ce zai yi muku gyaran ƙwayar gado da araha, ku kama hannun ɗanku ku fita.

Ga inda na tsaya. Gwaji biyu ne ke raba gardama, TCD da HLA, kuma kuɗinsu bai kai ko kusa da na tafiya ba. Yaro mai SS da TCD ɗinsa ke lafiya, a fara masa haidiroksiyuriya da wuri, kada a jira ciwo ya yi masa illa. Idan TCD ya nuna hatsari, ƙarin jini in akwai amintacce kowane wata tare da maganin fitar da ƙarfe, in babu, haidiroksiyuriya ba tare da ɓata mako ba. Wanda ya taɓa shanyewa, ko ƙirjinsa ke ta kamawa, ko ciwo ya ƙi lafawa duk da an ɗaga awon magani ana kuma sha yadda ya kamata, shi ne maganar dashe ta yi wa nauyi, musamman in yana ƙarami kuma ga shaƙiƙi da ya dace. Mai shaƙiƙin da ya dace amma ciwonsa da sauƙi, nan ne wuri mai wuya, likitoci ma sun rabu; ni da a ce nawa ne, zan nemi ganin likitan dashe tun kafin ya kai 12, in saurara, ba tare da na ɗauki alkawari ba. Ko da an yanke shawarar dashe, ba a ajiye magani ana jiran kuɗi su taru. Na ga iyalin da suka yi shekara biyu suna tara kuɗin tafiya, yaron ba ya shan komai sai maganin ciwo, ya shanye kafin su kai rabi.

Da na gama zayyana wa ƙanwata, ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, to a fara gwada yayarsa." Aka yi. Rabi suka dace. TCD ɗinsa ya fito lafiya, aka fara masa maganin na ruwa, tana ɗura masa da sirinji kowace safiya. A wata na biyu ta kira ni tana kuka, ciwo ya sake tashi, ta ce za ta daina. Na roƙe ta ta ƙara wata huɗu. Yanzu wata goma sha ɗaya ke nan, kwanciya ɗaya ya yi, ta kwana biyu. Farcensa ya yi duhu, idonsa ya yi fari. Ya ƙara kilo biyu, don haka ranar Talata za ta mayar da shi a sake auna jininsa a ɗaga masa awo.